Harajin masu jibge filaye a Yamai: a tare su ranar ciniki, ko a bi su shekara-shekara?

Duk wanda ya bi hanyar Filinge ko ta Wallam ya fita daga Yamai zai ga turakun siminti na iyakar parsel sun kutsa can cikin gonakin hatsi, inda babu pampo, babu wuta, babu makaranta. In ya juyo cikin gari, a Koira Kano ko Bobiyel ko Banifandu, sai ya tarar da filaye zagaye da katanga, ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa, ciki ba komai sai tumfafiya da tarin leda. Wayar Nigelec ta ratsa ta kansu, bututun ruwa na bin gindin katangarsu, wani ma kwalta ta zo har bakin ƙofa. Masu su suna nan da ransu da lafiyarsu. Jira suke yi farashi ya ƙara hawa, mai neman wurin zama kuwa ana ta tura shi bayan gari.

Shi ya sa duk inda hirar tsadar haya ta taso, a fada ko a rediyo, ba a rasa mai cewa a ɗora musu lanho mai nauyi, za su saki. Na yarda da shi, amma da saura. Haraji iri-iri ne, kuma akwai wanda in aka sa shi filin ƙara kullewa zai yi, ɗan haya ya ƙara shan wuya. Manyan hanyoyin biyu ne. Ko a tare mutum ranar ciniki, wato ranar da ya saya ko ya sayar, ko kuwa a riƙa bin sa kowace shekara muddin filin na zaune babu gini. Kafin mutum ya goyi bayan ɗaya, ko ya yanke abin da zai yi da nasa filin, gara ya san yadda kowace ke aiki da wanda take cizo.

Su wa ake nema?

Masu kangon fili a Yamai ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai ɗan juyi, wanda ke sayen takarda yau a sabon lotisma, wato sabuwar unguwar da aka yanka filaye, ya sayar bayan wata uku, wani lokaci ko wurin bai taɓa takawa ba. Akwai mai ajiya, attajiri ko babban ma'aikaci mai parsel goma ko ashirin, wanda ba ya gaggawar komai. Sannan akwai malamin makaranta, ko ɗan ci-rani da ke Abijan ko Kwatano, mai fili ɗaya tak, yana tara bulo ɗari-ɗari duk lokacin da ya samu sarari. Na farko ya fi hayaniya, na uku ya fi yawa, amma wanda ya riƙe filaye masu kyau na tsakiyar gari shi ne na biyu. Duk harajin da bai taɓa shi ba, wasa ne.

Ba wauta ce ta sa mutane zuba dukiya a ƙasa ba. Waɗanda suka ga Janairun 1994, lokacin da aka kwana aka tashi darajar sefa ta ragu da rabi, ba su manta ba. Da yawa ba sa son ajiyar banki saboda kuɗin ruwa. Ga jama'a na ƙaruwa: ƙidayar 2012 ta nuna yawan ƴan Nijar na hawa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, Yamai kuma ta haura mutum miliyan ɗaya. Ita kanta gwamnati ta taɓa mayar da fili kuɗi. A farkon shekarun 2000, zamanin Tandja Mamadou, an biya ma'aikata bashin albashinsu da parsel, kuma da yawa suka sayar nan take don buƙata ta yi musu yawa. Wanda ke da kuɗi a hannu a lokacin ya kwasa da araha.

Wani abu kuma da ake yawan tsallakewa: ribar mai ajiya ba guminsa ba ne. Daga 1970 gadar Kennedy ce kaɗai ke haɗa gari da Haro Banda. Aka buɗe ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. Duk gadar da aka gina, duk kwaltar da aka shimfiɗa, filayen kusa sai su tashi, mai su yana kwance a gida. Kuɗin jama'a ne ya yi aikin. Wannan ita ce hujjar harajin tun asali, ba hassada ba.

Tarewa ranar ciniki

Wannan fuska biyu gare shi. Ana iya ƙara wa mai saye kuɗin rajista idan gida ko fili na biyu ne yake saye, kamar yadda Ingila ta ƙara kashi 3 a 2016 ta kuma kai shi kashi 5 a 2024. Ana iya kuma cizon mai sayarwa, musamman in ya yi saurin juyawa. Dokar harajinmu ma ta san wannan hanya, domin akwai kuɗin rajistar ciniki, akwai kuma haraji kan ribar sayar da gida ko fili. Masu son wannan hanya cewa suke a tsananta abin da ke akwai.

Singafo ce aka fi kafa misali da ita. Ta sa wa masu sayarwa haraji a Fabrairun 2010, ta tsananta shi a Janairun 2011: wanda ya sayar a shekarar farko kashi 16 na kuɗin gidan, ta biyu 12, ta uku 8, ta huɗu 4. A ƙarshen 2011 ta ƙara wani a kan masu saye, wanda a Afrilun 2023 ya kai kashi 60 ga baƙi. Juyi na sauri ya ragu sosai. Sai dai kusan kashi 80 na mutanen ƙasar a gidajen da hukuma ta gina suke zaune, kuma babu cinikin da ke wucewa ba tare da an rubuta shi da farashinsa na gaskiya ba. Hong Kong ta bi irin wannan hanya daga Nuwamban 2010, ta ƙara kashi 15 ga waɗanda ba mazauna ba a 2012. Yawan ciniki ya ragu, amma farashi ya ci gaba da hawa shekara da shekaru. Da kasuwar ta faɗi don wasu dalilai, sai aka soke harajin gaba ɗaya a Fabrairun 2024.

To, mu dawo gida mu ga yadda ciniki ke ƙarewa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. An daidaita a sefa miliyan 10, an tafa, dillali ya zaro biro.

“Alhaji, nawa za mu rubuta?”

“Rubuta huɗu.”

Mai saye ya ɗan yi jim. “Ranka ya daɗe, in wata rigima ta taso fa? Takarda huɗu za ta nuna.”

“Haba Malam, ga shaidu zaune. Kai ma kuɗin rajistarka ya ragu. Ko so kake mu yi wa gwamnati sadaka?”

Aka yi dariya, aka rubuta huɗu, aka shafa fatiha.

A yi lissafi. A ce Alhajin ya sayi filin miliyan 2 shekara goma da suka wuce, a ce kuma harajin riba kashi 20 ne. Ribarsa ta gaskiya miliyan 8, harajinta miliyan 1 da jika 600. Da aka rubuta huɗu, riba ta koma miliyan 2, haraji jika 400. Kashi uku cikin huɗu sun tafi da bugun biro ɗaya, kuma mai saye da mai sayarwa duk sun amfana, saboda haka babu mai kai ƙara. In aka ninka harajin, abin da za a rubuta ne zai ƙara raguwa. In aka matsa da bincike, sai a daina zuwa canza suna ɗungurungum: takardar asali tana ɗauke da sunan mutum na farko, fili kuwa ya ratsa hannu huɗu da ƴar takardar sayarwa. Daga nan ake samun fili ɗaya mai masu shi biyu, rigimar da ta riga ta cika kotunanmu.

Babban aibinsa ma ba wannan ba ne. Harajin da ke raguwa da daɗewar riƙo, abin da yake gaya wa mutum shi ne ka jira. Ɗan juyi zai ji zafi, amma mai ajiya da ma jira ya zo yi. In kuma aka sa harajin riba mai nauyi ba tare da la'akari da shekaru ba, sai ya ce to na fasa sayarwa, ƴaƴa su gada. Filin da muke so ya fito kasuwa ya ƙara shigewa, kaɗan ɗin da ke fitowa ya ƙara tsada.

Yana da alherinsa, kar a zalunce shi. Ana karɓarsa ne ranar da kuɗi ke hannu, don haka ba ya takura wa gwauruwar da mijinta ya bar mata kango. Ba ya buƙatar a san kowane fili na gari, sai wanda aka zo rajistarsa. Kuma a sabon lotisma, inda takarda ke sauya hannu sau uku kafin a buɗe hanya, zai rage zafin juyi. Wannan ke nan iyakarsa.

Bi shekara-shekara

Mai kiwon ragon layya ba ya iya jira har abada, domin ragon na cin dusa da harawa kullum. Ranar da ya ga ci na neman cinye riba, kasuwa zai kai shi. Fili ba ya cin komai, shi ya sa ake iya riƙe shi shekara ashirin. Harajin shekara-shekara sa wa fili baki yake yi.

Mu koma ga filin miliyan 10. A ce an sa kashi 2 a shekara muddin babu gini: jika 200 ke nan, kusan jika 17 a wata. Mai parsel goma irinsa zai riƙa fitar da miliyan 2 duk shekara kan abin da ba ya kawo masa ko dala. Zaɓi uku ya rage masa. Ya gina ya sa haya, ya sayar wa mai ginawa, ko ya biya, birni ya samu kuɗin jan ruwa da buɗe hanya. Duk ukun mai neman gida ya ci riba. Rubuta huɗu a madadin goma ba ya ceton kowa a nan, tunda ba ranar ciniki ake jira ba. Ba a kuma ɗaukar fili a gudu da shi Dubai.

Tambayar da aka fi yi ita ce: ai sai su ɗora wa ƴan haya. A kan gidan da ke da ƴan haya, wannan tsoro na da tushe, shi ya sa ƙara haraji kan ginin haya ba dabara ba ce. Amma kango ba shi da ɗan hayar da za a ɗora wa. Mai saye kuma ba zai karɓi nauyin ba, domin duk wanda zai sayi fili don ajiya ya san shi ma za a bi shi, sai ya rage tayinsa. Wanda zai gina nan take ne kaɗai harajin bai dama ba. Ta haka magini ke samun galaba kan mai ajiya wajen tayi, akasin abin da ke faruwa yau.

Misalin da ya fi kusa da mu Saudiyya ce. Riyad da Jidda sun daɗe da manyan filaye fayau a tsakiyar gari, a hannun attajirai, matasa kuma na rasa gidan aure. A ƙarshen 2015 majalisar ministoci ta amince da harajin kashi 2.5 a shekara kan irin waɗannan filaye, aka fara aiki da shi a 2016 kan masu faɗin murabba'in mita 10,000 zuwa sama. Wasu sun raya nasu, wasu sun sayar, amma farashi a Riyad bai daina hawa ba. A 2025 aka gyara dokar, haraji na iya kaiwa kashi 10, aka kuma saukar da iyakar zuwa mita 5,000. Darasin a fili yake. In ƙasa na hawa da kashi 10 ko 15 a shekara, kashi 2 ba zai tayar da kowa daga barci ba, zai biya yana murmushi. Sai harajin ya yi kusa da ribar jira kafin ya motsa mutum. Shi ya sa na fi son wanda ke hawa: kaɗan a shekarun farko, ya riƙa ƙaruwa da tsawon zaman kango da kuma yawan filayen da mutum ya tara.

A nan ba za a rasa mai kawo maganar addini ba, kuma tana da wuri. A mazhabar Malikiyya da muke bi, an raba ɗan kasuwa biyu wajen zakka. Mai juya kaya kullum yana ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar. Mai ajiye haja yana jiran tsada kuwa sai ranar da ya sayar zai fitar, ta shekara ɗaya, ko da ya yi shekaru yana riƙe da ita. Mai jibge fili yana cikin kashi na biyu, don haka zakka ba ta matsa masa ya saki. Amma ta wani gefen, malamai sun kawo cewa Sayyidina Umar bai bar wanda ya killace mataccen fili ya wuce shekara uku bai raya shi ba, har ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Haris sashen kwarin Aƙiƙ da ya kasa rayawa. Hukuncin filin da mutum ya saya da kuɗinsa daban ne, wannan sai malamai. Amma ƙin jinin a killace ƙasa a hana mutane ba baƙon tunani ba ne da aka kwaso daga Turai.

Yanzu ga inda wannan hanya ke da ƙaya, kuma ƙayar ba kaɗan ba ce.

Ta farko, kango ba ya haihuwar kuɗi, haraji kuwa kuɗi ake biya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun 2024. Ka ce wa ƙaramin ma'aikaci mai fili ɗaya ya kawo jika 200 a shekara, ka tilasta masa sayarwa ke nan, kuma attajirin da ake son kamawa shi zai saye. In ba a yafe wa fili na farko ba, dokar za ta yi aikin da ya saɓa wa niyyarta. Haka filin gado da ba a raba ba da filin marayu, suna buƙatar wa'adi. Amma da zarar an ce fili ɗaya kyauta ne, mai goma zai raba sunaye: ɗaya na uwargida, ɗaya na amarya, sauran na yara har da na goye. Sai an ƙidaya na miji da mata da ƙananan yara wuri ɗaya, wannan kuwa sai da rajista mai haɗa suna da suna.

Ta biyu, me ake kira gini? In doka ta ce kango kawai, gobe za a wayi gari kowane fili da ɗaki ɗaya na bulo a kusurwa, an ɗora kwano huɗu. Dole a faɗi gwargwadon abin da za a gina kuma a tabbatar ana zaune ciki. A nan ne kuma wasu mutane ke shigowa da ba a cika tuna su ba. Leƙa ta kafar irin waɗannan ƙofofi, sau da yawa za ka ga bukka biyu ta zana, murhu na duwatsu uku, jarkoki rawaya jere ana jiran mai ga-ruwa, akuya ɗaure a jikin tarin bulon da ya fara zaizayewa. Iyali ne daga ƙauye, suna gadin filin a bakin zama kyauta. Matar na wanki a gidajen maƙwabta, mijin na lebura. Ranar da tipa ta sauke yashi, sun san an ba su sallama. Harajin da ya yi nasara su zai fara tayarwa, kuma ba su da ƙarfin kama ɗakin da za a gina a wurin. Duk mai goyon bayan wannan hanya, ni ma ciki, da wannan bashi a wuyansa.

Ta uku, ba ko'ina ya kamata a matsa a gina ba. Parsel ɗin da ke bayan gari inda ba ruwa ba hanya, laifin wa ne da ba a gina ba? Hukumar da ta sayar da shi ba ta cika nata ba, ba ta da bakin cin tara. Kwarin da kogi ya mamaye a damanar 2020, wajen Saga da Kirkisoye da Lamorde, gara ma a hana gini da a ƙarfafa shi. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye gari, wanda aka riga aka ci gefe-gefensa, shi ma ba wurin gini ba ne. Harajin ya tsaya kan filin da ruwa da wuta da hanya suka riga suka iso.

Ta huɗu ita ce uwa: sai an san filin wane ne, nawa kuma ya kai. Yamai na da takardu hawa-hawa, daga shaidar mallakar gargajiya, zuwa takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, zuwa titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallaka, wanda ƙalilan ne suka kai gare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ba abu ne da ya gagara ba. Ruwanda ta yi rajistar filaye sama da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013. Firitawun ta Saliyo, ƙarƙashin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da ma'aikata masu bi gida-gida ta sabunta harajin gidajenta a 2020, da ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya dubawa. Kango ya fi gida sauƙin ganewa daga sama. Farashi kuma ba sai an ƙiyasta fili-fili ba: a raba gari shiyya-shiyya, a sa wa kowace kuɗin mita, a liƙa a bainar jama'a. In ba a san mai fili ba, bashin ya hau kan filin, ba izinin gini ba canjin suna sai an biya.

Sai a yi hattara da yadda za a shigo da shi. Legas ta yi wa harajin filaye da gidajenta ƙari mai yawa a tashi ɗaya a 2018, gari ya ɗauki zafi, gwamnati ta ja da baya cikin makonni. Masu manyan filaye a ko'ina su ne masu kusanci da masu rubuta doka, kuma sun iya sa talaka ya yi musu ihu.

Waɗanda ba namu ba

Akwai wasu haraji biyu da ake yawan ambata, ba zan daɗe a kansu ba. Bankuba ta Kanada ta sa haraji kan gidajen da aka rufe ba kowa a 2017, kashi 1 da farko, ya kai kashi 3 a 2021. Faransa na da irinsa tun 1999, kuma gidajen da ke rufe sun ragu a garuruwan da ya shafa. Yana aiki, amma ciwonsu daban da namu. A Yamai gidan da ke zama a rufe galibi babban gida ne na Plato ko Koira Kano da ke jiran wata ƙungiyar waje, kuma ko an tilasta buɗe shi, mai neman ciki da falo ba zai shiga ba. Harajin baƙi masu saye kuwa ba shi da abin kamawa a nan, masu jibge filayenmu ƴan gida ne.

Ƙwace fa? Tun zamanin Turawa, filin da hukuma ta bayar a gari yakan zo da sharaɗin a raya shi cikin wa'adi, sai dai ba a cika bi ba. Ƙwace na da daɗin faɗi, amma yana miƙa wa jami'i wuƙa da nama: wa za a karɓe wa, wa za a ba? A Burkina, binciken majalisar dokoki na 2016 ya gano parsel sama da 105,000 da aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Haraji aƙalla lissafi ne da ke hawa kan kowa daidai, ba sai an je gaishe da wani ba.

Haya za ta sauka?

Ba nan take ba, kuma duk wanda ya yi alkawarin haka yaudara ce. Harajin kango na taɓa farashin fili da farko. Kafin ya iso ga haya sai an gina, gini kuma siminti ne da ƙarfe da kuɗi. An rage farashin siminti a Oktoban 2024, akwai masana'antar Malbaza a jihar Tawa, akwai bankin gidaje da aka buɗe a 2018, amma har yau yawancin mutane da aljihunsu suke gini, ɗaki bayan ɗaki. Ga baƙi na shigowa gari kullum, ga samari na aure. Abin da ake iya sa rai shi ne hawan haya ya rage gudu, kuma sabbin ɗakuna su fito a inda pampo da faba-faba suka riga suka kai, maimakon kilomita ashirin daga Katako. Wannan kaɗai ya rage wa ma'aikaci kuɗin mota da na ruwa, wanda shi ma haya ce a fakaice.

Harajin ranar ciniki kuwa ko wannan ba ya bayarwa. Ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya, ciniki yake ragewa.

Wanne za a ɗauka

In ni za a tambaya, a bi su shekara-shekara, da sharuɗɗan da na zayyana: fili na farko a yafe, sai inda ruwa da wuta da hanya suka iso, ya fara da sauƙi ya riƙa hawa, a kuma ba da sanarwar shekara biyu kafin a fara. Harajin ranar ciniki a bar shi ƙarami. Kuɗin rajista ma rage shi ya fi, don mutane su zo su canza suna su rubuta gaskiya, tunda da wannan rajistar ce za a san wanda za a bi. Wuri ɗaya na yarda a tsananta shi: takardar sabon lotisma da aka juya kafin shekara biyu ko uku. Kuɗin da aka tara kuma a rubuta a doka cewa jan ruwa da buɗe hanya a sabbin unguwanni zai tafi, a riƙa buga lissafin kowace shiyya.

Ɗan haya ya lura da kyau idan ya ji an ce za a ƙara haraji kan gidaje. Ya tambaya: kan gini ne ko kan kango? Na farko zai iya dawowa kansa, na biyu nasa ne. Mai fili ɗaya ya nemi a rubuta yafewar ƙarara, ya kuma je ya mayar da takarda sunansa tun yanzu, domin wanda sunansa ba ya kan takarda ba shi da hujjar neman yafiya. Mai filaye da yawa a cikin gari kuwa, in irin wannan doka ta taso, wanda ya riga sayarwa ya fi samun farashi, domin ranar da wa'adi ya cika kowa zai fito da nasa lokaci guda. In ba ya son rabuwa da su, ya sayar da biyu na bayan gari ya gina ɗakunan haya a ɗaya na tsakiya.